Turmin Iya da Askar Wanzami

Ni ban yi boko ba. Shekarar da aka zo ƙauyenmu ɗaukar yara makaranta, Baba ya ce yarinyar da ba ta iya faɗin sunanta me za ta je yi a can, aka bar ni a gida. Ɗan abin da na sani na duniya a ɗakin Iya na fara koyonsa, a ƙauyenmu da ke bayan Tudun Kaya a ƙasar Karaye, lokacin ko injin niƙa bai zo mana ba. Iya ita ce mahaifiyar babana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwani. Ita kuwa takwara take ce mini.

In sanyi ya shigo, da an ci tuwo an yi sallar isha, sai mu yaran gidan mu ɗunguma ɗakinta. Gadon ƙasa gare ta, irin mai wuta a ƙarƙashi. Za ta zauna a kai tana kaɗi, mazari na juyawa, mu kuma muna ƙasa mun miƙa ƙafafu wajen garwashi, an binne gyaɗa a toka tana gasuwa. Kada ku ɗauka irin tsohuwar nan ce mai lallashi. Akwai karan dawa a gefenta, wanda ya yi gyangyaɗi ko ya tsoma baki a tsakiyar labari, a ƙoƙon kansa zai ji shi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata can tafe da kaya niƙi-niƙi." Mu ce, "Ta sauke a nan, Iya." Kuma duk tatsuniyarta da waƙa a ciki, ita ta bayar, mu mu amsa. Wanda bai yi amshi ba, ba shi ba gyaɗa.

Ni in'ina gare ni, mai tsanani kuwa. Magana tana nan a raina sarai, na san farkonta na san ƙarshenta, amma da ta iso maƙogwaro sai ta toge kamar jaki a bakin rafi. In yi ta ja, idona na kaɗawa, haɓata na rawa. Yara su ce, "Uwani, yi ƙoƙari ki gama kafin damina." Innata don tausayi takan ƙarasa mini, sau da yawa kuma ba abin da nake nufi take ƙarasawa ba. Da na ga haka sai na rufe bakina na buɗe idona.

Iya ce ta fara gane abin da ni kaina ban gane ba. Wata rana ana cikin amshi, na lumshe ido ina ta rerawa, ashe ta ɗaga kara ta tsayar da sauran yaran. Ni kaɗai na kai baitin har ƙarshe, babu gargada. Da na buɗe ido na ga kowa ni yake kallo.

"Maimaita, takwara."

Na buɗe baki in faɗa, sai na sarƙe a baƙin farko.

"Ban ce ki faɗa ba. Rerawa na ce."

Na rera, ya fita sumul. Ta daɗe tana kallona ta saman mazari, sannan ta ce, "Uhm," ta ci gaba da labarinta.

Ba a daɗe ba abin da ya tayar da hankalin gidanmu ya faru. Dawa ta nuna, ana shirin girbi. Na je ɗebo itace sai na hangi shanun maƙwabtanmu makiyaya sun kutsa gonar Baba ta wajen rafi, mai kiwon ya kishingiɗa barci ya ɗauke shi. Na zubar da itacen na sheƙo da gudu. Na tarar da Baba a zaure da baƙi. Na tsaya a kansa ina haki, ina "sh, sh, sh," ina nuna gabas da hannu. Ya ce me ya faru. Ya ce maciji ne? Ya ce gobara? Baƙin suna ta cankar magana, kowa da tasa, ni kuwa kalmar shanu ta ƙi fita. Sai da na kama rigarsa na ja shi da ƙarfi. Kafin mu isa, sun kwantar da wajen rabin gonar. Masu shanun sun zo har gida sun ba da haƙuri, aka sasanta a gaban mai unguwa, amma haƙuri ba ya cika rumbu.

Baba bai dake ni ba. Da ya dake ni ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi linzami gare ni, wato wata 'yar tsoka a ƙarƙashin harshe da mutanenmu ke cewa ita ke ɗaure magana, kuma zai kira wanzami ya yanke. Na san wata yarinya a Daura, wannan ta nan Karaye, da aka yi wa haka. Kwana da kwanaki jini na zuba, ba ta iya haɗiyar ko koko, da ta warke kuma in'inarta tana nan, ga tsamin baki ya ƙaru a kai.

Iya ta aika a kira shi. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai wannan, na ji an ce za ka kawo aska gidan nan."

Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Iya, linzami ne. Kowa ya san linzami ne. A yanke ta huta, mu ma mu huta."

"Harshen da ya rera waƙa tun daga kai har gindi, shi ne a ɗaure? Linzamin in ya ji waƙa kwancewa yake, in ya ji magana ya ɗaure kansa?"

"Waƙa daban, magana daban, Iya."

"Yanzu ka zo inda nake. Ranar gayyar gidan mai unguwa, da mai gangar noma ya kama takenka ka tsumu, wa ya sare yatsan ƙafarsa da fartanya, ya yi ta nome kunya bayan kunya jini na bin sa, bai sani ba sai da aka ajiye ganga?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"To ciwon ina ya tafi? Ƙafar taka ce, ba aro ka yi ba. Kiɗan nan ba a ƙafa ya kama ka ba, a ka ya kama ka. Ita ma abin da ke damunta a ka yake. Askar wanzami ba ta kaiwa can."

Ya ɗago kai ya ce, "Iya, ban ƙi taki ba. Amma yau dawa ce. In gobe yaro ne ya faɗa rijiya, ita kaɗai ta gani fa? Waƙa za ta tsaya tsarawa?"

Iya ta san ba mugunta ke sa shi ba. Daga ƙarshe suka tsayar da magana. Zai jira har a gama shigar da amfanin gona. Ranar kasuwar Karaye da ta biyo baya zai taho da wanzami. In na tsaya a gabansa na faɗi saƙo da magana irin ta mutane, ba waƙa ba, ya bar ni. In na kasa, Iya ba za ta ƙara sa baki ba.

A daren ranar, da muka taru, ta ba mu wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce wani gari ne a bakin kogi, masu fito suna zaune a wancan ƙetaren, duk mai son hayewa sai ya tsaya a mashigi ya ƙwala kira. Sai wani dodo ya zo ya tare a mashigin da jakar fata mai ƙaramin baki. Ba ya cin mutum, ba ya cin dabba. Magana yake kamawa. Da kalma ta fito daga bakin mutum sai ya cafke ta kamar fara ya jefa a jaka, kuma kalmar da ya kama ta bar bakinka ke nan. Wani ya rasa "jirgi". Wata ta rasa "gishiri", in ta je kasuwa sai dai ta yi ta lasar yatsa tana nuni. Sarkin garin ya zo da kansa zai yi wa dodo faɗa, aka raba shi da "ni ne sarki", ya koma gida ba wanda ya tashi masa. Muka yi ta dariya har kara ya sauka a kan wani.

Ana nan sai uwar wata yarinya ta kwanta ciwo, mai maganin kuma yana ƙetare. Yarinyar ta je mashigi. Ba ta yi kira ba. Ta sami gindin bishiya ta zauna tana kallon dodo tun hantsi har la'asar. Sai ta lura da abu guda: duk tsuntsun da ya yi ƙara ɗaya ya tsaya, dodo ya kama. Amma kurciya in ta soma kukanta mai ja, sai ya yi ta kai hannu yana dawowa wayam, don babu tsakanin da zai sa yatsa. Yarinya ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta jera kalmominta a kan murya kamar yadda ake jera duwatsun wuya a zare, ta ce:

"Mai fito na ƙetare, turo jirgi,
Innata na kwance, rana na tafiya."

Mu kuma mu amsa, "Ruwa ba ni hanya, ruwa ba ni hanya."

Dodo ya cafki kalmar farko, sai ya ga ta biyu a manne da ita, ta uku a manne da ta biyu. Ya yi ta ja yana cusawa, zare bai ƙare ba, har jaka ta cika ta fashe. Duk kalmomin garin suka tashi kamar fara, kowace ta koma bakin mai ita. Mai fito ya ji kira ya turo jirgi.

"Ta ƙare," in ji Iya, "ɓera ya kwashe saura. Kowa ya tashi. Takwara, ke da safe ki same ni a gindin turmi."

Tun daga ranar aiki ya fara. Innata ce ke daka, ni ina tsaye a gefe, Iya na zaune a kan kujera 'yar tsugune da karanta. Duk saukar taɓarya, gaɓa ɗaya ta fita daga bakina, ba gaba ba baya. Da farko rerawa nake yi sosai: gaisuwa, sunayen mutanen gida, aiken da ake yi wa yara, a ba ni gishiri, a ba ni daddawa. Da ta ga na kama sai ta ce, "Waƙar nan miya ce. Rage ta kaɗan-kaɗan, har ki iya haɗiye gayan tuwo." Na riƙa rage karin ina barin bugun. Wata rana ya tafi daidai, wata rana kamar ban taɓa koyo ba, musamman in wani ya zuba mini ido. Sai ta sa yaran gidan su jeru a gabana su ƙura mini ido da gangan. Ran nan na gaji na fashe da kuka.

"Ji ta," in ji Iya. "Kukan ma da kari take yin sa, shi ya sa bai taɓa sarƙe mata ba. Share majina ki ɗauko daga farko."

Na ji haushinta a lokacin. Amma ko ina hanyar rijiya, ko ina tsintar kara, a kan takuna nake ta gwadawa ni kaɗai. Na riga na sa a raina askar nan ba za ta shiga bakina ba.

Ranar ta zo. Da la'asar Baba ya dawo daga kasuwa da wanzami a bayan kekensa, wani dattijo mai fara'a da zabirarsa a rataye. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kira ni. Mata suna cikin gida, katanga ce tsakaninmu. Wanzami ya zazzage kayansa, ya zaɓi wata 'yar siririyar aska yana wasa ta a tafin hannunsa.

"Buɗe baki, 'yar Baba, ɗaga harshe. A'a, ga shi nan kuwa, ɗan siriri. Kada ki ji tsoro, kafin ki ce wayyo na gama." Ya dubi Baba ya yi dariya. "Ko da yake ita kafin ta ce wayyo ai na isa Karaye."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwani, tsaya nan. Abin da kika zo gaya mini ran nan kika kasa, gaya mini shi yanzu."

Na buɗe baki, sai na ji abin ya taso ya toshe. Idona na kan askar. Sai ga ƙarar turmi daga cikin gida: dim, dim, dim. A hankali, ba irin dakan Innata ba. Iya ce. Ta yi shekaru bayanta bai bar ta ta ɗaga taɓarya ba, ta zuba dusa a turmi ta tashi tsaye. Na ja numfashi zan hau bugun, sai Baba ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Iya, don Allah a ajiye taɓarya. Ba haka muka yi ba. Turmi za ta riƙa ɗauka a ka duk inda za ta?"

Dakan ya ƙara sau ɗaya, sannan ya tsaya.

To a nan ne na ga abin da har yau nake mamakinsa. Turmin ya yi shiru a waje, amma bai yi shiru a kaina ba. Kamar yadda in ka baro gidan biki kiɗan ke biyo ka har shimfiɗa, haka na ci gaba da jin dim, dim, daidai inda ya kamata ya sauka. Na danna babban yatsan ƙafata a rairayi, na ɗaga, na danna. Na ɗauke ido daga askar na sa a fuskar Baba.

"Ba-ba. Sha-nu sun shi-ga go-nar da-wa. Ta wa-jen ra-fi."

Ya fita a hankali, kamar mai tafiya da tulu a ka, amma ya fita duka. Baba bai motsa ba.

"Shanun wa?"

Wannan ba mu gwada ta da Iya ba. Na fara, na toge, haɓata ta soma rawa. Wanzami ya buɗe baki zai taya ni, Baba ya ɗaga masa hannu. Na bari bugu ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, a na uku na hau.

"Na gi-dan Ar-ɗo. Mai ki-won ya yi bar-ci."

Baba ya sauke hannunsa. Sannan ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya juya wa wanzami ƙeya.

"Tunda ka riga ka wasa aska, kada ta tafi a banza. Yi mini aski."

Da na shiga cikin gida na tarar da Iya a kwance a tabarma tana nishi, Innata na yi mata fifita. Ba ta rungume ni ba, ba ta ce sannu ba. Cewa ta yi, "Kin ja mini ciwon baya, takwara. Hau ki tattaka mini."

Bayan wasu shekaru aka kai ni aure Rogo. A can na ga injin niƙa ya shigo unguwa-unguwa, lugude ya ragu, waƙar daka ta fara ɓacewa daga bakin 'yan mata. Wata rana ina tankaɗe na ji wani likita a rediyo yana bayani cewa magana da waƙa ba hanya ɗaya tak suke bi a ƙwaƙwalwar mutum ba, shi ya sa wani mai in'ina, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, zai kasa gaisuwa amma ya rera abin da ya sani. Na ajiye rariya na saurare shi har ya gama. Ban san yadda cikin kan mutum yake ba, ban taɓa leƙawa ba. Abin da na sani shi ne na ga kiɗa ya ɗauke wa namiji zafin sara, na ga jariri ya bar kuka don an jijjiga shi da waƙa, na ga tsohuwar da ta manta sunan 'ya'yanta ba ta manta waƙar niƙan ƙuruciyarta ba. Abin da ke da wannan ƙarfi a kan mutum ba abin wasa ba ne, shi ya sa har yau nake sa ido a kan abin da jikokina ke zubawa a kunnensu.

Na kuma yi ta tambayar tsofaffin Rogo tatsuniyar dodon mashigi. Na tambayi na Karaye in mun haɗu wajen suna ko gaisuwar rasuwa. Ba wadda ta taɓa jin ta. Sai da na haifi na fari sannan na gane Iya ba gadon tatsuniyar ta yi ba. A ranar ta ƙera ta, tana kaɗi, saboda mutum ɗaya a ɗakin, kuma ba ta dube ni ba ko sau ɗaya har ta gama.

In'ina ba ta bar ni ba, kada wani ya ce na ce ta bar ni. In raina ya ɓaci tana nan, in na firgita tana nan. Mutanen unguwa suna cewa maganata ɗaya-ɗaya take fita kamar ta alƙali, matan 'ya'yana in sun ga ina buga yatsa a cinya sai su nutsu, suna zaton laifinsu nake ƙirgawa. Na bar su a haka, yana da amfaninsa. Doka ɗaya na kafa a gidana, kowa ya san ta: ba a ƙarasa wa mai magana maganarsa, ko yaro ne, ko zai kai magariba.

Zuwana na ƙarshe wajen Iya kafin ta rasu, na same ta a kan gadon ƙasarta, ido ya tafi, hannu ba ya iya juya mazari. Na zauna a ƙasa inda na saba zama. Na ce mata abin nan har yanzu yana tare ni, wani lokaci a gaban surukai, wani lokaci a tsakiyar kasuwa. Na ce, "Iya, ashe dodon bai mutu ba?"

"Wa ya ce miki ya mutu? Jaka na ce ta fashe. Yana can ya ɗinke abarsa."

"To yaya ke nan?"

"Yaya kuwa? Gobe ma akwai mai son hayewa. Ki tashi da wuri."